Kayan Gyaran Tsofaffin Jiragen Soja: Abin da Maraɗi Za Ta Iya



Da aka kafa rundunar sojan sama ta Nijar a 1961, Broussard da Dakota na cikin jiragen da ta fara tashi da su, daga baya Noratlas ya zo. Duk mai niyyar farfaɗo da ɗayansu yau, kayan gyara ne za su fara tare masa hanya. Tun 1961 aka daina ƙera Noratlas, bayan an yi kimanin 425, injinsa kuma samfurin Ingila ne da aka haɗa a Faransa. Guda ɗaya da ke tashi a can, ƴan sa-kai ne ke riƙe da shi kusa da Marsai. Dakota ya fi sa'a: an ƙera fiye da 10,000, har kamfanin Basler na Amurka ke sa masa sabon inji, kuma sojojin Mali da Muritaniya sun yi aiki da irinsa.

Masu wannan aiki kan ciro kaya daga gawar wani jirgin, ko su tono tsohon kaya a sito, in ya faskara su ƙera sabo. Wanne ne baƙo ga makanikin Maraɗi? Haka aka daɗe ana raya motocin Berliet da Peugeot 504. In abu ya yi wuya a gari, a bi ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. In can ma babu, a kai wa mai injin gurzar ƙarfe tsohon ya fitar da tagwayensa. Masu gyaran famfunan ban-ruwa a Jiratawa sun san wannan wahala, maƙeran Tsibiri kuwa gadonsu ne.

Amma kada mu ruɗi kanmu. Mota in ta lalace sai a gangara gefen hanya, sama kuwa ba ta da gefe. Kowane muhimmin ƙarfe na jirgin da zai tashi yana da lamba da takardar da ke nuna sa'o'in da ya yi aiki, domin ƙarfe na gajiya ta ciki ido bai gani ba. Wanda ba shi da takarda ba a ɗaura shi, komai kyansa.

Jirgin da za a girke don kallo da koyarwa fa, hannunmu ya ishe shi. Abin da ke damuna ƴan gwangwan ne: jirgin da aka yasar, gangar jikinsa alminiyam ce, kuma mun san tukwane nawa ke fita daga irin wannan.

Roƙona ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo shi ne ta tura ɗalibai wurin makanikan soja da suka yi ritaya, su ɗauki bayaninsu, su ɗauki hoton littattafan gyara shafi-shafi. Sannan a nemi rundunar ta ba Maraɗi jirgi ɗaya da ya gama aiki, a girke shi a inuwa, ɗalibai da masu garaji su kwance shi su mayar tare.