Horon da ake yi a bayan ƙashin ƙirji

A bayan ƙashin ƙirji, saman zuciya, akwai wata 'yar halitta da likitoci ke kira taimus. Sai a 1961 aka gane amfaninta, da Jacques Miller ya cire ta daga jariran ɓeraye a Ingila, garkuwar jikinsu ta rushe.

Daga ɓargo wasu ƙwayoyin garkuwa ke zuwa nan, ɗanyu shataf, don a horar da su. Horon kuwa ba sani ba sabo: wadda ta kasa gane alamar jiki ta mutu, wadda ta nuna za ta far wa jikin ma a kashe ta. Fiye da kashi 90 cikin 100 nan suke ƙarewa. Tsirarun da suka haye sai su bi sawun wani sinadari, S1P, su faɗa jini. Bayan balaga, taimus kan motse, kitse ya maye gurbinta.