Jawabin Babban Baƙo a Bikin Ƙaddamar da Littafin Tarihin Mishan a Garkida



An ɗora mini nauyin yin magana a kan littafin da za a ƙaddamar yau, wanda ya bi diddigin zuwan 'yan mishan wannan gari na Garkida. Ba zan kwashe muku abin da ke cikinsa ba, don in na yi haka babu mai sa hannu a aljihu, marubuci kuma ya tashi a tutar babu. Zan dai faɗi irin idon da nake so a karanta shi da shi.

Kowa a nan ya san ranar, 17 ga Maris 1923, ya kuma san tsamiyar. A gindinta ne Amurkawa biyu, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujadarsu ta farko a ƙasar Bura. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne, ba su kaɗai ne a wurin ba. Akwai leburorin da aka ɗauka don gina gidan mishan na farko, suna tsaye suna jiran a gama addu'ar da ba su san kanta ba, su kama aiki. Ku tuna watan Maris rani ne. An gama girbi, dawa ta shiga rumbu, damina da saura, manomi na da hannun da zai yi kwaɓa ya ɗauko ciyawar jinka. Da baƙin nan sun iso a watan Yuli, lokacin da kowa ke sunkuye a gona, da sun daɗe a bukka. Tun daga ranar farko ke nan, aikin mishan ya hau kan jadawalin manomin Garkida, ya ci daga rumbunsa, ya sha daga kogin Hawul.

Kuma ba Garkida suka nufa ba tun asali. Biu suka so zama. Turawan mulki ne suka hana, domin tun 1903 shugabansu Lugga ya yi wa sarakunan Arewa alkawari a Sakkwato cewa gwamnati ba za ta taɓa addininsu ba, Razdan da Di'o kuma suka riƙe wannan alkawari suna tare 'yan mishan daga garuruwan sarakunan Musulmi. Ban ce girmama Musulunci kaɗai ya sa su haka ba. Baturen mulki ba ya son wani Bature a kusa da shi mai jin harshen talakawa, mai iya rubuta takarda gida ya faɗi abin da ya gani game da haraji da aikin tilas. Ko ma mene ne dalili, sai aka turo su nan gefen kogi, ƙauyen manoma, inda ake ganin ba za su dami kowa ba.

Su waye waɗannan mutane? Ekklesiyarsu ta 'Yan'uwa ta faro ne a 1708 a wani ƙauyen Jamus mai suna Schwarzenau, da mutum takwas da suka yi baftisma a kogi. Tsanani ya kore su zuwa Amurka, suka zauna a jihar Pennsylvania, akasarinsu suna noma. Mutane ne da ba su yarda da ɗaukar makami ba, masu wanke wa juna ƙafa a lokacin jibin ƙauna. Kulp kansa ɗan Pennsylvania ne. Ina ganin wannan ya bayyana abubuwa da yawa. 'Ya'yan manoma ne suka zo wa manoma, shi ya sa ba su tsaya ga wa'azi ba, suka shiga maganar lambu, da rijiya, da iri, da kiwo. Wanda ya taso yana tatsar saniya da asuba ba ya raina mai kaftu.

Sun biya farashi, wannan ba a musu. A 1924 Ruth, matar Kulp, ta rasu a nan tare da jaririn da ta haifa, aka sa wa asibitin garin nan sunanta don tunawa. Mijinta bai tattara ya koma ba, ya zauna a wannan ƙasa shekara arba'in, sai 1963 ya bar aiki, ya rasu a shekarar da ta biyo. Ya cancanci a ambace shi da alheri. Amma a wannan shekara ta 1924, matan Bura nawa suka mutu a kan gwiwa, babu ginin da ke ɗauke da sunan ko ɗaya? Ba don in rage wa Ruth daraja na kawo wannan ba. Na kawo ne don ku ga yadda tarihi ke karkata wajen mai alƙalami da takarda.

Ga wani misali. A 1925 aka buga Bisharar Markus da harshen Bura, shekara biyu kacal da zuwansu. Wane Ba'amurke ne zai iya Bura a shekara biyu har ya fassara littafi shi kaɗai? Akwai waɗanda suka zauna da shi a inuwa suna maimaita masa magana har kunnensa ya kama, suna dariyar kuskurensa, suna gyara masa. Helser kuma ya tattara tatsuniyoyi da karin maganar Bura ya yi amfani da su wajen koyarwa, abin yabo a zamanin da makarantu da yawa ke dukan yaro in ya yi harshen uwarsa. Sai dai littafin da ya buga a 1934 a kan wannan aiki, sunansa ma kaɗai ya kira mutanen da suka ba shi hikimar da waɗanda ba su waye ba. Mutum guda ne ya yi duka biyun, ya kamata ɗalibanmu su san duka biyun. Haka kuma su san cewa sabon addini ya raba gidaje: batun mai mata fiye da ɗaya, batun giya a wurin gayya da makoki, batun ɗan da ya ƙi bin ubansa wurin tsafin kakanni. Lokacin da aka yi wa samari huɗu na farko baftisma a 1927, murnar da aka yi a gidan mishan ba ita aka yi a gidajen iyayensu ba.

Yanzu bari in daɗe kaɗan a kan abin da nake ganin shi ne zuciyar labarin, wato Virgwi da ke nan kusa da Garkida. A 1929 aka buɗe mazaunin masu cutar kuturta a can, da taimakon wata ƙungiyar Amurka mai kula da wannan cuta. Matasanmu ba za su gane abin da kuturta take a da ba. Cuta ce mai raba mutum da ƙwaryar cin abincinsa, da matarsa, da kasuwa. Maganin da ake da shi a lokacin shi ne allurar man 'ya'yan wani ice na ƙasar Indiya, mai zafin gaske, mai ɗaukar shekaru, kuma ba kowa yake warkarwa ba. Duk da haka mutane suka riƙa zuwa da ƙafa daga nesa, Bura da Margi da Kilba da Kamwe da Fulani da Barebari da Hausawa da wasunsu. Ba kwanciya suka zo yi ba. Sun yi gonaki, sun gina ɗakuna, sun yi kasuwa da makaranta, mai sauran yatsu ya yi wa marar yatsu shuka. Gari ne sosai ya tashi a gefen gari.

Abu biyu suka fito daga wannan zama. Na farko, mutanen da harsunansu suka bambanta dole su nemi wanda zai haɗa su, Hausa kuwa ita ce a kusa, ga shi an buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932. Wannan na cikin dalilan da suka sa nake tsaye a ƙasar Bura ina jawabi da Hausa kowa na ji, kuma ekklesiyar da aka haifa a nan take ɗauke da sunan Hausa. Na biyu, waɗanda aka sallama sun koma garuruwansu da karatu da rubutu, wasu da sabon addini, suka kai shi tsaunuka da ƙauyukan da ƙafar Bature ba ta taɓa takawa ba. Mai Sule Biu, ɗan gidan sarauta, kuturta ce ta kawo shi Virgwi, daga baya ya zama fasto har ya shugabanci ekklesiyar. Garin da aka hana 'yan mishan shiga, ɗansa ne ya zo ya same su. Wasu kuma da Musuluncinsu suka zo, da shi suka koma, suna godiya ga likita har ƙarshen ransu. Akwai tambayar da mai gaskiya ba zai tsallake ba: marar lafiyan da ke karɓar allura a hannun mai yi masa wa'azi, yaya girman 'yancinsa na cewa a'a? Amsar ba ɗaya ba ce ga kowa, amma a bar ɗalibai su yi tambayar.

Daga ƙarshen shekarun 1940 ƙwayar dafson ta sauya komai, kuma a Uzuakoli da ke kudancin ƙasar nan aka yi babban gwajin shan ta. A Garkida kuwa Dakta Roy Pfaltzgraff ya yi kusan shekara talatin yana aikin tiyata da gyaran ƙafa da hannu, ya kuma rubuta littafin koyar da ɗaliban likitanci game da kuturta tare da Anthony Bryceson. Abin da aka koya a jikin manoman Virgwi, an karanta shi a jami'o'in duniya. Wurin nan ne yau asibitin fata na jihar Adamawa.

Sauran bazuwar kun san ta: Lassa a ƙasar Margi, Marama, Chibok a 1941, makarantun Waka kusa da Biu a 1952, makarantar Littafi Mai Tsarki mai sunan Kulp a Kwarhi. Har zazzaɓin Lassa da duniya ta sani, daga asibitin mishan na Lassa aka fara gane shi a 1969, bayan ya kama wata nas mai suna Laura Wine wadda ta rasu a Jos.

Bahaushe ya ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. A 1972 ekklesiyar ta tsaya da ƙafarta a hannun 'yan ƙasa, a cikin shekarun nan kuma gwamnati ta karɓi makarantu da asibitoci, Turawa suka yi ta raguwa. Masu cewa komai zai rushe sun ji kunya ta wani fanni, ta wani fannin kuma, in mun faɗi gaskiya, akwai gine-ginen da muka bari suka lalace a kan idonmu, ba Bature ne ya cire musu kwano ba. Amma abin da na fi alfahari da shi ya zo ne a daidai wannan lokaci: shirin Lafiya na karkara, wanda cibiyarsa ke nan Garkida. Ƙauye ke zaɓen nasa mutum, namiji da mace, a horar da su, su koma suna koyar da tsaftar ruwa, da abincin yara, da maganin zazzaɓi ta hanyar labari da waƙa da wasan kwaikwayo. Masana daga ƙasashen waje sun zo koyon dabarar. Dabarar kuwa ta kakanninmu ce, ta dandali da farin wata.

Ba zan rufe ba tare da ambaton abin da ya same mu ba. A Afrilun 2014 aka sace 'yan matan Chibok 276, akasarinsu 'ya'yan wannan ekklesiya. A Oktoban shekarar aka mamaye hedkwatar ekklesiyar da ke Kwarhi. Ranar 21 ga Fabrairu 2020 maharan Boko Haram suka shigo Garkida suka ƙone majami'u da gidaje da makarantar horar da ma'aikatan lafiya. Musulmi da Kirista duk sun kwana a daji a daren nan. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa a waɗannan shekaru, ya dawo da waɗanda har yau ba a gani ba.

Wuta ba ta tambayar wace takarda ce ta tarihi. Saboda haka ina da roƙo, kuma ga masu hali nake yi, tunda yau ranar buɗe jaka ce. Wasiƙu da hotuna da rahotannin 'yan mishan na ajiye a ma'adanar ekklesiyar da ke Elgin a jihar Illinois, rahotannin Di'o kuma na ma'adanar tarihi ta ƙasa a Kaduna. A nemo kwafinsu a ajiye a nan, inda jikokin mutanen da ke cikin hotunan za su iya nuna yatsa su ce wannan wane ne. Malamai kuma ku tura ɗalibai da wayoyinsu wajen tsofaffin Virgwi da tsofaffin ungozoma da malaman aji na farko, a naɗi muryarsu da Bura da Hausa tun suna da ƙarfin magana. Marubucin wannan littafi ya fara, ya zauna a tabarmar dattawa ya saurara, ina yi masa jinjina. Ina kuma roƙonsa bugu na biyu ya fito da harshen Bura.

Ranka ya daɗe, shugaban taro, da izininku ina gabatar da wannan littafi ga jama'ar Garkida da duk mai son sanin tarihinta. Allah ya sa albarka a cikinsa, ya ba mu damina mai kyau, ya mai da kowa gidansa lafiya.