Manhaja Dillali Ce: Jawabi Ga Masu Son Zaman Kansu



An nemi mu yi magana a kan sana'ar zaman kai a fagen cinikin intanet, watau mutum ya ƙirƙiri manhajar saye da sayarwa ta waya, ko ya riƙa gina wa wasu ana biyansa lada, ba tare da yana ƙarƙashin kowa ba. Mu dai ba gwanaye ba ne. Ɗalibai uku ne daga Sabon Tasha, waɗanda suka gwada, suka sha ƙasa, suka sake tashi.

Bari mu fara da dalilin da ya sa wannan magana ta zama wajibi. Iyayenmu da yawa aikin masana'anta ne ya kawo su kudancin kogin Kaduna. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, a 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci, sa'an nan a 1980 aka buɗe matatar mai. A wancan zamani, wanda ya gama makaranta yakan sa ran albashi a ƙarshen wata. Amma masaƙar KTL ta rufe a 2002, wasu kuma suka bi bayanta. Saboda haka yawancinmu da ke zaune a wannan ɗaki babu wata jiniya da za ta kira mu aiki. Tilas mu nemi na kanmu, domin zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Labaran da ke jawo hankalinmu sanannu ne. A 2012 aka kafa Jumia da Konga a Ikko. A 2015 Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, a 2020 kuwa kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a kan abin da ya haura dala miliyan 200. Ko a nan Kaduna, Sanusi Ismaila ya buɗe cibiyar CoLab a 2016, inda matasa suka koyi rubuta manhaja. Wa zai ji wannan bai yi kwaɗayi ba?

Mu ma mun yi. Da malaman jami'a suka shiga yajin aikin wata takwas a 2022, sai muka shawarta mu gina manhajar da za ta haɗa 'yan kasuwar Sabon Tasha da masu saye a unguwannin Barnawa, Narayi da Unguwar Boro. Muka duƙufa a kan kwamfuta dare da rana har aiki ya kammala, ya yi kyau ƙwarai. Abu ɗaya kawai muka manta: ba mu taɓa zama da ɗan kasuwa ko guda mun tambaye shi abin da ke damunsa ba. Darasi uku muka koya daga wannan kuskure.

Na farko shi ne amana. Mai saye ya ƙi biya sai ya ga kaya da idonsa, mai sayarwa kuma ya ƙi sakin kaya sai ya ga kuɗi a hannunsa. Kowa da hujjarsa: wannan an taɓa aiko masa abin da ba shi ya gani a hoto ba, wancan an taɓa cutarsa da saƙon banki na jabu. Wata mai sayar da citta da doya ta tambaye mu, "'Ya'yana, in kayana suka ɓata a hanya, wa zan kama, ku ko wayar?" Ba mu da amsa a ranar.

Na biyu shi ne kai kaya. Gidaje da yawa a unguwanninmu ba su da lamba, sai kwatance: bayan makaranta, kusa da mai shayi. Ɗan aike yakan ƙone mai yana yawo, ya isa ya tarar mai saye ya kashe waya. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, farashinsa ya ninka fiye da sau biyu, kuɗin aike ya cinye 'yar ribar da muke samu. Kada ku ɗauka ƙananan ne kaɗai wannan ke kayarwa. An sayar da Konga ga kamfanin Zinox a 2018, Jumia kuma ta daina kai abinci a ƙarshen 2023.

Na uku shi ne lissafi da rubutu. Da jarinmu ya ƙare, sai muka koma gina wa masu kantuna manhaja ana biyanmu. Wani mai kanti ya sa mu aiki da baka, muka gama, ya yi ta cewa a ƙara wannan a gyara wancan, daga bisani ya hana mu cikon kuɗinmu. Tun daga ranar ba ma fara aiki sai an rubuta abin da za a yi, da kuɗinsa, da ranar gamawa, an kuma ba da kafin alƙalami. Mun yi wa sana'armu rajista a hukumar CAC, mun raba asusunta da aljihunmu. Mai zaman kansa ba shi da fansho, ba shi da hutun ciwo. Littafin lissafinsa ne gatansa.

To, ina mafita? Mun same ta a tarihin kakanninmu. Fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro sukan sauka wurin maigida, wanda zai ba su masauki, ya adana kayansu, ya haɗa su da dillali, ya tsaya musu in an yi bashi. Baƙo da ɗan gari ba su san juna ba, amma dukansu sun san maigida. Manhaja ba wani abu ba ce illa dillali, dillalin da ba a san gidansa ba kuwa babu mai ba shi ajiya.

Don haka muka sake lale. Muka ɗauki 'yan kasuwa kaɗan waɗanda muka sani, muka riƙa karɓar odar masu saye ta WhatsApp, mu duba kaya da kanmu, in sun lalace a hannunmu mu biya. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya riga ya koya wa mutane biya ta waya, abin da ya rage shi ne wanda za su yarda da shi. Ba mu yi arziki ba, amma muna biyan kuɗin makaranta ba tare da mun ɗora wa iyayenmu ba, mai cittar nan kuma yanzu ita ke kawo mana 'yan'uwanta.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa ɗalibai, duk mai niyyar shiga wannan fage ya ajiye kwamfuta tukuna, ya tafi kasuwar unguwarsu ya yi mako guda yana saurare. Wanda ya iya amsa tambayar mai citta, shi ya cancanci ya rubuta manhaja.