Wa Zai Fara Wucewa a Mararraba?

Yau za mu yi magana a kan mararraba, inda hanyar ƙauye ke shiga babban titi, inda babur ɗauke da buhun masara ke gamuwa da tirela.

Tun shekarar 1972 muke tuƙi ta hannun dama a Nijeriya. Saboda haka a shataletale, motar da ta riga ta shiga, wadda ke zuwa daga hagunmu, ita za ta fara wucewa. In muna fitowa daga ƙaramar hanya, mu tsaya cik, mu duba hagu, mu duba dama, mu sake duba hagu. Babbar mota mai kaya ba ta tsayawa nan take ko da direba ya taka birki, gama nauyinta yana tura ta gaba.

In za mu juya hagu, mu kunna sigina da wuri, mu bari masu zuwa ta gabanmu su wuce tukuna. Wanda ya ba mu hanya, mu ɗaga masa hannu. Ko da hanyar tamu ce, mu sassauta wa mai amalanken shanu da yara 'yan makaranta. Gara mu yi haƙurin minti ɗaya da mu kwanta a asibiti lokacin girbi.

Allah ya kiyaye mu.