Ƙungiyar Wimbledon: Wa Ke da Gadon Ƙungiyar Ƙwallo?

 

Wataƙila wani zai yi mamakin yadda, alhali ga manyan ƙungiyoyi irin su Liverpool da Arsenal da Manchester United, waɗanda samarinmu ke cika gidajen kallo dominsu har tsakar dare, na zaɓi in yi magana a kan wata ƙaramar ƙungiya ta wata unguwa a kudu maso yammacin birnin Landan. Dalilina shi ne tarihinta ya ƙunshi wata mas'ala wadda ta cancanci nazarin masu ilimi, wato idan attajiri ya sayi ƙungiya da kuɗinsa, shin ya sayi sunanta da nasabarta da ƙaunar da mutanen gari ke yi mata, ko kuwa akwai abin da ciniki ba ya hawa kansa?

An kafa ƙungiyar Wimbledon a 1889, wasu tsofaffin ɗaliban wata makaranta ne suka kafa ta, ta kuma zauna a filin Plough Lane tun daga 1912. Ta daɗe tana wasan sha'awa ba na albashi ba, har ta ci kofin ƙungiyoyin da ba na sana'a ba a 1963, sannan a shekarar da ta biyo ta koma biyan 'yan wasanta. A 1975 ta je gidan Burnley, wadda ke rukuni na ɗaya, ta doke ta da ci ɗaya mai ban haushi a gasar kofin FA, ta kuma yi canjaras da Leeds, zakarun Ingila na lokacin. Bayan ta ci gasar yankin kudu sau uku a jere, aka shigar da ita babbar gasar ƙasa a 1977, a rukuni na huɗu, kuma cikin shekara tara kacal, wato a 1986, sai ga ta a rukuni na ɗaya.

Ranar 14 ga Mayu 1988 ita ce ranar da sunanta ya shiga littattafai. Ta haɗu da Liverpool a wasan ƙarshe na kofin FA a Wembley, Liverpool kuwa ta riga ta lashe gasar ƙasa a shekarar, babu mai hankalin da ya yi zaton za a doke ta. Lawrie Sanchez ya sa ƙwallo da ka kafin a tafi hutun rabin lokaci, da aka dawo aka ba Liverpool bugun fenareti, mai tsaron gida Dave Beasant ya tare bugun John Aldridge, abin da ba a taɓa yi ba a wasan ƙarshe na wannan kofi a Wembley. Cikin waɗanda suka ɗaga kofin akwai John Fashanu, wanda mahaifinsa ɗan Nijeriya ne, kuma daga baya Efan Ekoku na Super Eagles shi ma ya sa rigarta. Masu sharhi sun zarge ta da wasan ƙarfi da dogon bugu marar ado, kuma zargin ba ƙarya ba ne gaba ɗaya; amma ni ina ganin matalauci wanda ya san iyakar abin hannunsa, ya tsara wasansa gwargwadonsa, ya fi cancantar yabo bisa zargi.

To, daga nan ne jarrabawa ta fara. Bayan musibar filin Hillsborough ta 1989, inda mutane 97 suka rasa rayukansu sanadin turmutsitsi, hukuma ta wajabta wa manyan ƙungiyoyi su mai da filayensu na kujeru zalla. Masu ƙungiyar suka ce Plough Lane ba zai gyaru ba, suka kwashe ta a 1991 zuwa haya a filin Crystal Palace. Ta yi shekara 14 a rukuni na ɗaya kafin ta faɗo a 2000, a lokacin kuwa ta koma hannun wasu attajirai biyu 'yan ƙasar Norway. Ranar 28 ga Mayu 2002, wani kwamiti na mutum uku da hukumar ƙwallon Ingila ta naɗa ya yanke hukunci, biyu suka rinjayi ɗaya, cewa a mai da ƙungiyar garin Milton Keynes, mai nisan kimanin kilomita 90, har ma ya ƙara da cewa sake kafa wata ƙungiya a tsohuwar unguwar ba maslahar ƙwallo ba ce. A 2004 aka sake mata suna, aka kira ta MK Dons.

A nan nake so mu dakata. Ta fuskar doka attajiran ba su ci haƙƙin kowa ba, domin dukiyarsu ce suka sarrafa. Sai dai malamanmu na fiƙihu sun san wani nau'in dukiya da ake kira waƙafi, wadda mai kula da ita amini ne kawai, ba shi da ikon sayar da ita ko ɗauke ta daga waɗanda aka tsayar da ita dominsu. Kuma ra'ayina, wanda nake faɗa ba tare da shakka ba, shi ne ƙungiyar da kakanni da jikoki suka raya shekara ɗari da 'yan kai da kuɗin tikitinsu da lokacinsu ta fi kusa da wannan hukunci bisa ga hukuncin haja. Mu ma abin ya shafe mu ta wata fuska, tunda galibin ƙungiyoyinmu, irin su Kano Pillars da Katsina United, a hannun gwamnatocin jihohi suke, magoya baya ba su da ƙuri'a ko ɗaya cikin sha'aninsu.

Mutanen Wimbledon ba su tsaya kuka ba. Kwana biyu bayan hukuncin suka ƙudura kafa tasu, AFC Wimbledon, mallakar wata ƙungiyar amana ta magoya baya inda kowane mamba ke da ƙuri'a guda. Suka yi shelar gwajin 'yan wasa a filin Allah na unguwar, sama da mutum 200 suka zo, suka fara daga mataki na tara, inda ake wasa da ƙungiyoyin ƙauyuka. Sun buga wasan gasa 78 a jere ba a doke su ba. A 2007 aka mai da kayan tarihin tsohuwar ƙungiyar, har da kwafin kofin 1988, ga ƙaramar hukumar Merton, wadda unguwar Wimbledon ke cikinta, MK Dons kuma ta janye da'awarta a kan wancan tarihi, abin da nake ɗauka iƙirari ne cewa nasaba ta zauna inda mutanen suka zauna.

A 2011, shekara tara bayan kafuwarta, daidai da adadin shekarun da uwarta ta yi tana hawa, ta doke Luton a bugun fenareti ta shiga babbar gasar ƙasa. A 2016 ta hau rukuni na uku, inda ta tarar da MK Dons, a 2018 kuma MK Dons ta faɗo ta bar ta a sama. A Nuwamban 2020 ta koma sabon filinta a titin Plough Lane, wanda magoya baya suka ba da rancen miliyoyin fam daga aljihunsu aka ƙarasa gina shi. Hanyar ba ta miƙe sarai ba, domin ƙungiyar da ba ta da attajiri a bayanta dole ta riƙa sayar da gwanayenta don ta biya bashi, kuma ta faɗo rukuni na huɗu a 2022. A Mayun 2025 ta doke Walsall da ci ɗaya da nema a Wembley, ta sake hawa rukuni na uku.