Zafin Azumi da Ambaliyar Damina: Tsakanin Ƙaddara da Sababi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Mai jujjuya dare da rana, Mai saukar da ruwa da gwargwado. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Tambaya guda ce ta yi ta maimaituwa cikin saƙonnin da ake aiko mana: wannan zafi da ya tsananta, da ruwan da ke rushe gidaje, hukuncin Allah ne, ko kuwa aikin ɗan Adam ne kamar yadda masana yanayi suke faɗa?

Mu fara da abin da idanunmu suka gani. Azumin 2024 ya faɗo cikin Maris da Afrilu, kuma a ƙarshensa zafi ya haura digiri 45 a wurare da yawa na Sahel. A Kayes ta ƙasar Mali har ya wuce 48. Da damina ta sauka a wannan shekarar, ruwa ya kashe mutum fiye da 300 a Nijar, ya shafi fiye da miliyan guda, jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. A farkon Satumba tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙasa da ya tsaya tun ƙarni na 19, ya zube. Mu da muka ga farin 1973 da na 1984 mun tashi da tsoron rashin ruwa. Ga shi jikokinmu suna tashi da tsoron hadari.

Amsarmu ita ce: babu ganyen da ke faɗuwa sai da ƙaddarar Allah, kuma Allah ya ɗaura abubuwa ga sababansu. Aya ta 41 cikin Suratur Rum ta jingina ɓarnar tudu da ta teku ga abin da mutane suka aikata da kansu. Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, sai ya juya da jama'arsa, kuma bai ɗauki juyawar a matsayin saɓa wa ƙaddara ba. Saboda haka wanda ya gina ɗaki a bakin gulbi, ya toshe magudanar ruwa da leda, sannan ya ce “haka Allah ya so”, ya faɗi gaskiya, amma ya fake da ita.

Abin da masana ke bayani ba ya karo da wannan. Sun ce kimanin shekara 200 ke nan masana'antu da motoci suna ƙona kwal da man fetur da gas. Hayaƙin yana taruwa a sama kamar bargo, yana riƙe zafin rana. Iska mai zafi kuwa tana ɗaukar damshi da yawa, sai ta juye shi a dare ɗaya bisa ƙasar da aka tsiraita, wadda ba ta iya shanye shi. Mafi yawan hayaƙin nan daga Turai da Amurka da Sin ya tashi. Rabon Nijar a cikinsa bai taka kara ya karya ba. Yanzu da ake kiran duniya ta rage ƙona fetur, mu kuma a 2024 muka fara tura ɗanyen man Agadem ta bututu zuwa gaɓar tekun Benin. Adalci shi ne wanda ya fi ɓarna ya fi ɗaukar nauyin gyara, kuma muna faɗar haka ba tare da jin kunya ba.

Sai dai akwai namu kason, kuma shi za a tambaye mu. Ku dubi amalanken itace da ke shigowa gari kullum cikin wannan wata, saboda kunu da ƙosai da tuwon sahur. Kowane kaya daga wani daji ya fito. Alhaji mai wadata, wanda matatar Soraz ke cika masa mota, me ya hana shi sayen tukunyar gas ya hutar da uwargida daga hayaƙin murhu, ya hutar da daji daga gatari? Gas ma wuta ce mai hayaƙi, mun sani, amma a halinmu ya fi sare gawo sauƙin ɓarna. Talaka kam ba mu ɗora masa abin da ba ya iyawa. Murhu mai tattalin itace ya wadatar da shi. Rana kuma da muke kuka da ita, ita ce ke ba da wuta a tashar Malbaza tun 2018, da ta Goru Banda kusa da Yamai. Kwamitocin masallatai su yi tunanin allunan hasken rana kafin su sayi janareta.

Kuma ba daga waje za mu koyo gyaran ba. Bayan farin 1984 manoman Maraɗi da Damagaram suka rungumi sassabin zamani: maimakon tumɓuke kututture, sai a bar tohon da ya fi ƙarfi, a sassabe sauran, a kare shi daga dabbobi. Da wannan kaɗai hekta kusan miliyan 5 suka sake yin itatuwa. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya taki gona, ya bar hatsi ya sha rana. Da rani ya yi inuwa, ƴaƴansa su ciyar da bisashe. Hadisi ingantacce ya lissafa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar musulmi cikin sadakarsa. Mai neman ladar Ramadan da bai da abin ciyarwa, ga ƙofa a gonarsa.

Kafin lokaci ya ƙure, tunatarwa ga masu tsoho ko majinyaci ko mai juna biyu a gida: idan zafi ya kai ga tsoron halaka, shan ruwa wajibi ne, kada a bar su su yi ta maza. Lebura da mai tura baro su kwana da niyya. In wahala ta kai matuƙa su sha, su rama daga baya.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci. Gobe in Allah ya kai mu za mu shiga hukunce-hukuncen zakkar fidda kai.