Gobarar Daji a Arewacin Adar: Kuɗin Agajin da Ke Zuwa Bayan Toka Ta Huce

Jawabin da aka gabatar a Tawa gaban ƴan kasuwa, ma'aikatan gwamnati da wakilan makiyaya na Afala da kewayenta.



Sanin kowa ne ƙaramar hukumar Afala, a arewa da birnin Tawa, tana zaune ne a bakin gaɓa. Kudu da ita gonakin hatsi ne da wake, arewa da ita kuwa daji ne na kiwo wanda ya miƙe ta Tiliya, Tasara, Cintabaradan da Abalak har cikin Azawak. Dokar 26 ga watan Mayu 1961 ita ce ta shata iyakar noma ta arewa, ta bar abin da ke bayanta ga bisashe. Garin da ke kusa da irin wannan iyaka shi ne ke fara jin zafin abin da ya faru a kowane ɓangare. Idan damina ta ƙi, manomin Afala ne ke fara sayar da akuyarsa. Idan kuma dajin arewa ya ƙone, a ƙofar gonarsa garken da ya rasa ciyawa ke fara tsayawa, sau da yawa tun bai gama kwashe karansa da harawarsa ba. Daga nan gardama ke tashi, daga gardama a je gaban sarki, wani lokaci kuma a je asibiti.

Abin mamaki ga gobarar daji shi ne, ba ɗiyar fari ba ce, ɗiyar damina mai albarka ce. Shekarar da ruwa ya wadata, ƙarangiya da sauran haki suka rufe tudu da kwari, ita ce shekarar da ya kamata magabata su rasa barci. Daga watan Oktoba ciyawa ta bushe, iskar hunturu ta taso daga gabas, to, garwashin shayi ɗaya da matafiyi ya manta bai binne ba, ko guntun taba da aka jefo daga mota, ya isa ya tashi wutar da za ta yini tana gudu ta kwana tana gudu. Masu tarbonta ba su da komai sai reshen itace da bargo, kuma akwai waɗanda suka bar rayukansu a wannan aiki.

Ƴan kasuwa mutanen lissafi ne, saboda haka ga lissafi. Ma'aikatan kiwo suna ƙiyasta cewa saniya mai nauyin kilo 250 tana bukatar kilo 6.25 na busasshiyar ciyawa kowace rana. Rani a wannan yanki wata 9 ne, kwana 270, wato kusan kilo 1,700 ga saniya ɗaya kafin sabon haki ya fito. A ɗauka, don misali, hekta ɗaya ta ba da ton 1, kuma kashi ɗaya cikin uku ne kaɗai ke shiga cikin dabba, sauran kofato da gara da iska su cinye. Ke nan saniya ɗaya tana bukatar wajen hekta 5. Wutar da ta lashe hekta 10,000 ta ƙone abincin shanu 2,000 na rani sukutum, a dare ɗaya.

Amma wannan asara ba ta bayyana ran da aka yi ta. Ambaliya tana barin rusassun gidaje da za a nuna wa minista, gobarar kasuwa tana barin rumfunan da za a ƙirga. Wutar daji baƙin fili kawai take bari, nesa da kwalta. Sai a watan Afrilu da Mayu ne take isowa kasuwar dabbobi ta Tawa da ta Abalak, lokacin da makiyayi ke jan ramammiyar saniya yana neman kuɗin buhun hatsi, alhali hatsin ya yi tsada ita kuma ta faɗi warwas. Dillali na iya murnar arha a wannan rana. Bai kamata murnar ta yi tsawo ba, domin garken da aka karyar a bana shi ne ba za a samu ba baɗi, sa'ad da motocin Ƙwanni da Illela ke jiran kaya zuwa Najeriya. Mai kantin atamfa da mai sukari da ganyen shayi su ma abokin cinikinsu ne ya talauce.

Ba za a ce Nijar ba ta da hukumomin agaji ba. An kafa OPVN, mai kula da rumbunan ƙasa, a 1970. An kafa ofishin faɗakarwa tun da wuri, SAP, a 1989. A 1998 gwamnati da masu ba da tallafi suka haɗa tsarin rigakafi da magance matsalar cimaka a ƙarƙashin ofishin firaminista, da hatsin ajiya da asusun haɗin gwiwa. A 2016 aka buɗe ma'aikata ta musamman domin agaji da bala'o'i. Kowane ɗaya daga cikinsu wahala ce ta haife shi. Sojojin da suka kifar da gwamnatin Diori Hamani ran 15 ga Afrilu 1974 sun kafa hujja da yunwar 1973 da yadda aka karkatar da hatsin taimako. Dattawan Adar ba su manta 1984 ba, shekarar da aka laƙaba wa suna El Buhari saboda rufe iyakar Najeriya da ya zo daidai da fari.

Shekarar 2005 ita ce ta fi cancanta a tsaya a kanta, domin ita ta nuna tsadar jinkiri ƙarara. Fari da fara sun ɓata daminar 2004, kuma tun da kaka an san akwai giɓi. Duk da haka dokar kuɗi ta farkon 2005 ta ɗora harajin kashi 19 cikin 100 a kan wasu kayan masarufi, har jama'a suka fito zanga-zanga a watan Maris. A watan Mayu Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi wajen dalar Amurka miliyan 16, aka yi kunnen uwar shegu da kiran. Da hotunan yaran Maraɗi suka zaga duniya, a watan Agusta, abin da ake nema ya kai wajen miliyan 81, yayin da shugaba Tandja Mamadu ke musanta cewa akwai yunwa. Wannan abin kunya yana cikin dalilan da suka sa aka buɗe asusun gaggawa na Majalisar, CERF, a 2006, domin kuɗi su kasance a ajiye kafin a yi kuka. Tarayyar Afirka ma ta kafa inshorar fari, ARC, a 2012, wadda ta biya Nijar wajen dala miliyan 3.5 a 2015.

To, ina gobarar daji a cikin wannan duka? Ga inda gizo ke saƙa. An gina tsarin agajin ƙasa ne a kan kalandar hatsi. Ana jiran a gama girbi, a auna, a fitar da jerin garuruwan da ke da giɓi wajen watan Nuwamba, a rubuta shirin tallafi, a nemi kuɗi, sannan a fara sayar da hatsi da rahusa da rabon dusar alkama idan rani ya yi nisa. Wannan kalanda ta dace da yunwa, wadda ke tahowa a hankali. Ba ta dace da wuta ba. Maganin wuta sananne ne kuma ba shi da tsada: a share hanyoyi masu faɗin mita 15 zuwa 20 a cikin daji, a kwashe hakinsu, domin idan wuta ta iso ta rasa abin ci. Matasan karkara ke yin aikin da manjagara, a biya su lada, hakin da aka tara kuma a adana shi ko a sayar. Sai dai aikin yana da lokacinsa, daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, wato daidai lokacin da kasafin kuɗin shekara ke ƙarewa, baitulmali na jan ƙafa, na sabuwar shekara kuma bai buɗe ba. Hanyar da aka share a Fabrairu ihu ne bayan hari. Ma'aikatan gandun daji da ke cikin wannan zaure sun fi kowa sanin takaicin samun labarin wuta alhali motar ofis ba ta da mai.

Akwai kuma wata magana mai ɗaci, wadda ta shafi ɓangarorin nan biyu da ke zaune suna kallon juna. Kalmar gaggawa tana buɗe ƙofar da doka ta rufe. Da sunanta ake ba da kwangila ba tare da takara ba, da sunanta ake biyan kilomita ɗin da ba wanda ya je ya auna, da sunanta buhun rahusa ke sulalewa ya koma kasuwa da sabon farashi. Ma'aikaci shi kaɗai ba ya iya wannan, ɗan kasuwa shi kaɗai ma ba ya iyawa. Jinkiri yana da masu cin moriyarsa, domin aikin da aka tsara tun watan Yuli ana iya bincikensa, wanda aka yi a guje kuwa sai dai a ce Allah ya kyauta.

Adar ta taɓa ganin akasin haka. Aikin raya ƙasa na Keita, wanda aka soma a 1984 da taimakon Italiya, ya farfaɗo da tsaunuka da fadamun da aka fid da rai da su, galibi da hannun mata masu ɗaukar duwatsu ana biyansu da cimaka. Abin da ya riƙe shi shi ne, an san aikin kowace shekara tun kafin shekarar ta kama.

Halin yau ya ƙara wa lamarin nauyi. Rashin tsaro ya taƙaita zirga-zirga a arewa, musamman tun kisan mutum fiye da 130 a yankin Tiliya a watan Maris 2021, ya kuma tura garkuna da yawa su cunkushe a wuraren da suka rage. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da dama daga masu ba da tallafi sun dakatar da kuɗinsu, a watan Afrilu 2024 kuma aka rusa majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa masu riƙo. Wanda ke jiran baƙo ya kawo kuɗin share daji zai daɗe yana jira.

Abin da ake nema ga magabatan Yamai ba sabuwar ma'aikata ba ce. A ware wa gobarar daji layinta a cikin kasafin kuɗin ƙasa, a sauke kuɗin a baitulmalin Tawa kafin 15 ga Satumba, a bar gwamna da shugabannin gundumomi su taɓa su ba sai an jira sa hannu daga babban birni ba. Ma'aikatan kiwo suna auna ciyawa a ƙarshen kowace damina, saboda haka an san inda ta fi kauri, nan ne za a fara sharewa. A liƙa takarda a ƙofar ofishin ƙaramar hukumar Afala, a kuma karanta ta a rediyo da Hausa, Tamajak da Fulatanci, mai faɗin tsawon hanyar da aka share, daga wace rijiya zuwa wace rijiya, mutum nawa suka yi aikin, jika nawa kowa ya karɓa. Ƙungiyar dillalan dabbobi kuma tana iya tura mutum biyu da babur su bi hanyar su gani da idonsu, kafin a biya kashin ƙarshe na kuɗin.